Anton ko katin wasan gem: wace na'ura ce za ta hanzarta kwaikwayon furotin?

Ɗaliba (digiri na biyu):
Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa. Shawara nake nema. Aikina a kan DHFR ne na ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, furotin ɗin da maganin pirimetamin ke toshewa. Ina so in ga yadda sauyin S108N, inda amino asid asparajin ya maye gurbin serin a lamba 108, ke hana maganin zama daram a aljihunsa. Na saka GROMACS, manhajar kwaikwayon motsin atom, a laftof, furotin da ruwan da ke kewaye da shi sun haura atom dubu ɗari, abin da nake samu kuwa 'yan nanosakan ne na motsin furotin a yini (nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan), fanka na ta kuka. Mai duba aikina yana son nanosakan 100 ga kowane nau'i, na asali da mai sauyi. Wani ya ce in sayi katin GPU, wato katin hoto irin na wasan gem, wani ya ce ai akwai kwamfutocin da don wannan aikin kaɗai aka ƙera su. Me ya kamata in sani kafin in taɓa kuɗi?

Injiniya:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Fara sanin inda lokacin ke tafiya. Kwamfutarki tana lissafa ƙarfin da ke kan kowane atom, ta matsar da su kaɗan, ta sake lissafawa. Kowane taku femtosakan 2 ne (femtosakan miliyan ɗaya ke yin nanosakan guda), domin ɗaurin da ke riƙe da haidirojin yana karkarwa da matuƙar sauri, in kika faɗaɗa takun lissafin ya tarwatse. To nanosakan 100 taku miliyan 50 ke nan. Maikurosakan ɗaya, wato nanosakan dubu, taku miliyan 500. Kuma ba a tsallake taku, sai na farko ya ƙare na biyu zai fara. Duk wata na'urar da za a ambata miki a zauren nan, abu ɗaya take ƙoƙarin yi: ta rage tsawon lokacin da taku guda ke ci.

Dakta (kemistri):
Injiniya ya ɗora mu a hanya. Kada ki raina laftof ɗinki, ɗiyata. A 1977 McCammon da Gelin da Karplus suka yi kwaikwayon furotin na farko, ƙaramin furotin BPTI mai amino asid 58, babu ruwa kewaye da shi yadda muke yi yau, kuma bai kai pikosakan 10 ba (pikosakan dubu ke yin nanosakan guda). Abin da kike samu a yini ya ninka nasu sau ɗaruruwa. A 2010 aka bi wannan BPTI ɗin har milisakan ɗaya, wato nanosakan miliyan, a kan na'urar Anton. Tsakanin biyun ninki ne kusan miliyan 100 a cikin shekara 33.

Hajiya mai harhaɗa magani:
Dakta, Allah ya ƙara sani. Mu da ba a cikin harkar muke ba, mece ce Anton ɗin? Ana sayar da ita?

Injiniya:
Ba a sayar da ita Hajiya. Kamfanin bincike na D. E. Shaw Research ne a New York ya ƙera ta. Mai shi David Shaw masanin kwamfuta ne da ya koyar a Jami'ar Columbia, ya shiga harkar hannun jari ya yi arziki, sannan ya dawo ya zuba dukiyarsa a wannan aikin. Sunan daga Antonie van Leeuwenhoek ne, mutumin Holan da ya leƙa ƙananan halittu da madubinsa. Ta fara aiki a 2008. Cif 512 ke cikinta, kowanne an zana shi tun daga tushe don lissafin ƙarfin da ke tsakanin atom da atom. Ba za ki buɗe imel a kanta ba, ba za ki yi hasashen yanayi da ita ba.

Abin da ya fi burge ni a cikinta ba yawan lissafin ba ne, gajarta jira ne. Ku tuna ranar zuba kankaren bene. In leburori ɗari ne amma tsani ɗaya, ƙara wasu ɗari ba zai sa a gama da wuri ba, sai dai cunkoso a gindin tsanin. Haka babbar kwamfuta ta gama-gari take da furotin ƙarami. Ka raba atom dubu 25 ga injuna dubu, kowanne ya gama nasa nan take, sannan duk su tsaya jiran saƙon maƙwabci kan inda atom ɗinsa suka koma. Masu Anton sun jera cif ɗin ta yadda kowanne ke haɗe kai tsaye da maƙwabta shida, sama da ƙasa, gaba da baya, dama da hagu, kamar yadda akwatin ruwan kansa yake, saƙo kuma yana shiga wurin lissafi ba tare da ya bi ta manhajar sarrafa kwamfuta ba. Anton 2, wadda ta ci kyautar Gordon Bell ta manyan kwamfutoci a 2014, ta yi maikurosakan 85 a yini a kan gwajin DHFR mai atom 23,558. In ka yi lissafi, taku guda yana ƙarewa cikin maikurosakan biyu zuwa uku na agogon bango. A katin GPU, aika umarni guda ma yana iya cin kusan haka kafin a fara komai.

Ɗan Maradi:
Sannunku da muhawara. Injiniya, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, amma ina amfaninsa ga baiwar Allah nan? Akwai Anton a cibiyar manyan kwamfutoci ta Pittsburgh da ake ba masu bincike kyauta, sai dai na jami'o'in Amurka ne, su ma sai sun rubuta takarda an tantance. Tarihin nan kuma ya nuna mana abu ɗaya sau da yawa: na'ura ta musamman takan yi fice na 'yan shekaru, kayan kasuwa su biyo ta a baya su cim mata. GROMACS ɗin da take amfani da shi ma ai haka ya faro a Jami'ar Groningen a farkon shekarun 1990, aikin ƙera na'ura ta musamman ne. Na'urar ta tafi, manhajar ta rage. Japanawa sun yi MDGRAPE-3 a cibiyar RIKEN a 2006, ta kai petaflop ɗaya, wato lissafi biliyan sau miliyan a sakan, abin alfahari a lokacin. A shekara mai bi Nvidia ta saki CUDA, manhajar da ke ba da damar yin lissafi a kan katin GPU, aka fara rubuta lissafin kimiyya a kan katin da yara ke wasan gem da shi. Yau kati guda mai kyau irin RTX 4090 yana haura maikurosakan ɗaya a yini a kan wannan gwajin na DHFR da ka ambata. A kan teburi, ba a cikin zauren sanyi ba.

Injiniya:
Ɗan uwa, maikurosakan ɗaya da 85 ba ɗaya ba ne. Kuma 85 ɗin na 2014 ne. Anton 3 da suka bayyana a 2021 tana yin sama da maikurosakan 100 a yini a kan tsarin da ya kai atom miliyan. Ba a cim mata ba. Kati goma ka haɗa ba za su ba ka ninki goma a kan furotin guda ba, matsalar jiran nan ce dai.

Ɗan Maradi:
Wa ya ce a haɗa su kan kwaikwayo guda? Kowane kati ya ɗauki nasa. Nan ne muka rabu da kai. Folding@home da Vijay Pande ya fara a Stanford a 2000 bai taɓa ƙoƙarin yin doguwar tafiya ɗaya ba. Gajeru dubbai ake yi a kwamfutocin mutane na gida, a tattaro, a ga daga wace siffa furotin ke tsallakawa zuwa wace, kuma sau nawa, sai a ɗinka taswirar da lissafin Markov. A 2007 na'urorin PlayStation 3 suka kai shi petaflop. A 2020 lokacin korona, da mutane suka yi ta ba da aron kwamfutocinsu, ya haura eksaflop, wato petaflop dubu, kafin kowace babbar kwamfuta ta hukuma ta kai nan.

Dakta (kemistri):
Ku biyun kuna da hujja, amma tambaya iri biyu kuke amsawa. Akwai abin da sai doguwar tafiya ke nuna shi, domin ba ka san inda za ka nema ba. A 2011 mutanen Shaw suka ajiye maganin sankara dasatinib a cikin ruwa nesa da furotin Src, ba su gaya masa inda zai je ba, ya yi ta yawo har ya faɗa aljihun da aka san yana zama, a irin zaman da hoton kiristal ya nuna. A shekarar kuma suka bi furotin 12 ƙanana daga warwararren zare har suka naɗe kansu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, ni kam ranar da na karanta shi na jima ina jujjuya shi a raina. Gajerun tafiye-tafiye suna da haɗarin cewa duk su yi ta zagaye a kwari ɗaya, ka ɗinka taswira mai kyau ta ƙaramin yanki ka ɗauka duniyar ke nan.

To amma tambayar ɗalibarmu ba irin wannan ba ce. Ta san aljihun. Ƙungiyar Yongyuth Yuthavong ta Tailan ta fitar da siffar DHFR ɗin ƙwayar zazzaɓin tun 2003, na asali da masu sauyi, suna nan a ma'ajiyar siffofin furotin ta PDB kyauta. An kuma san cewa asparajin da ya maye gurbin serin a lamba 108 ya fi shi girma, yana gogar zoben maganin mai ɗauke da kilorin. Abin da take so ta auna shi ne nawa wannan gogayya ke rage riƙon. Wannan aikin katin GPU ne tsaf.

Ɗaliba (digiri na biyu):
Na gode Dakta. Ke nan in na samu kati, in yi nanosakan 100 sau ɗaya ga kowanne ya isa?

Dakta (kemistri):
A'a. Wannan ne abin da ya fi damuna a takardun da nake dubawa. Mutum ya yi tafiya ɗaya ga na asali, ɗaya ga mai sauyi, ya zana layin RMSD biyu, wato ma'aunin yadda siffa ta kauce daga ta farko, ɗaya ya ɗan fi ɗaya tashi, ya rubuta cewa sauyin ya raunana riƙo. Ki sake kunna na asalin da wani saurin farawa daban, za ki iya ganin bambancin da ya fi wancan. Motsin atom haka yake, ɗan bambanci a farko yana kai ki wani wuri dabam. In lokacin da kike da shi nanosakan 500 ne, ki raba shi biyar, kowacce da farawarta, ki kawo matsakaici da yadda suka bambanta da juna. In kuma kin ƙware, ki koyi lissafin sauyin makamashi inda ake juya serin zuwa asparajin sannu a hankali a matakai. Kowane mataki gajere ne, kuma ba ya jiran ɗan uwansa.

Ɗan Maradi:
Madalla. Abin da nake faɗa ke nan.

Injiniya:
A kan aikinta na yarda. To bari in yi maganar kati, tunda nan aka dosa. Kada ki bari a ruɗe ki da katunan cibiyoyin bayanai irin A100 ko H100. Tsadarsu ta ƙwaƙwalwa mai yawa ce da lissafi mai lamba 64, wato mai tsananin daidaito, ke kuma ba ki buƙatar ko ɗaya sosai. Manhajojin GROMACS da AMBER da OpenMM duk sun koyi yin yawancin lissafin da lamba 32, su tara jimla da kulawa inda kuskure zai iya taruwa. Shi ya sa katin gem ke gogayya da katin da ya ninka shi kuɗi a wannan fannin. Atom dubu ɗari ba zai cika ko rabin ƙwaƙwalwar RTX 3060 ba. Amma GROMACS yana son CPU mai ɗan ƙarfi a gefe, kada ki sa kati mai kyau a tsohuwar kwamfutar ofis. Ki tabbata kin gina manhajar da CUDA, ba wadda ake saukewa a shirye ba, domin sau da yawa waccan ba ta ganin katin ma. Sannan ki tura lissafin cajin nesa, wato PME, shi ma kan katin.

Hajiya mai harhaɗa magani:
Ku dakata mini. Wuta fa? Kuna ta kati kati kamar a Pittsburgh ɗin muke.

Mai gyaran sola:
Hajiya kin taɓo inda nake. RTX 4090 shi kaɗai wat 450 ne, in ka haɗa da sauran kwamfutar ka doshi 600 ko fiye, dare da rana. Wat 600 na awa 24 ya haura kilowat-awa 14 a yini. Ba ƙaramin batir ke ɗaukar daren wannan ba. RTX 3060 wat 170 ne, inbata ta gida mai matsakaicin ƙarfi za ta riƙe shi. Ana kuma iya rage wa kati iyakar wutar da zai ja, saurin ya ragu kaɗan, zafi ya ragu da yawa. A watan Afrilu a ɗakin da ba na'urar sanyaya, katin da kansa zai rage gudu don kada ya ƙone, to gara ke ki rage masa tun farko. Ƙurar hunturu kuma a riƙa hure ta.

Injiniya:
Ƙari a kan haka, GROMACS yana ajiye zango duk minti 15 a fayil mai ƙarewa da cpt. In wuta ta ɗauke, daga nan za ki ci gaba, ba daga farko ba. Ki koyi wannan tun ranar farko. Shi ne kuma ke sa a iya aiki da Google Colab, inda ake ba da aron kati na 'yan awoyi sannan a katse. Akwai littattafan Colab na OpenMM da aka shirya don masu irin halinmu. Kafin ki sayi komai ki gwada can, ki ga nanosakan nawa tsarinki ke bayarwa.

Ɗan Maradi:
Ta kuma tambayi sashensu ko suna da alaƙa da wata jami'ar Afirka ta Kudu. Cibiyar CHPC da ke Cape Town tana da babbar kwamfuta Lengau, kuma ta hanyar haɗin gwiwa da masu bincike na can ana samun shiga. Wata dabarar kuma ta rage tsarin. Furotin nata a ƙwayar zazzaɓi manne yake da wani enzayim, TS, kuma biyu-biyu suke zama, shi ya sa atom suka yi yawa. In ɓangaren DHFR kaɗai ta yanka, akwatin zai ragu ƙwarai.

Dakta (kemistri):
Yankan yana da farashi. Akwai ɓangaren mahaɗa da ke fitowa daga ɗaya rabin ya jingina da DHFR na ɗayan. In ta yanke, ta faɗa a rubutunta cewa ta yanke, ta kuma duba ko gefen da aka buɗe yana warwarewa. Ni da zan zaɓa, zan yi gajeriyar tafiya da cikakken, in kwatanta da yankakken, kafin in dogara da shi.

Hajiya mai harhaɗa magani:
Tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Wannan maganin shi ne cikin wanda ake raba wa yara ƙanana duk damina tare da amodiyakwin, daga nan har Nijar da Cadi, don haka juriyar ƙwayar ba wasa ba ce a wurinmu. Amma na ji an ce AlphaFold, shirin kwamfutar nan mai hasashen siffar furotin, ya warware matsalar furotin, har an ba su Nobel a 2024. Me ya sa har yanzu ake ƙona wuta haka?

Dakta (kemistri):
AlphaFold yana ba ki siffar furotin a tsaye, Hajiya, kuma yana yi da kyau. Siffar wannan furotin kuwa muna da ita tun 2003. Abin da ba ya ba ki shi ne motsi: yadda madauki ke buɗewa ya rufe, yadda ruwa ke shiga aljihu ya fita, tsawon zaman da magani ke yi kafin ya saki. Sauyin amino asid ɗaya sau da yawa ba ya canza hoton da yake bayarwa sosai, alhali a jikin yaro shi ne bambancin magani ya yi aiki ko ya gaza.

Akwai kuma abin da nake so Injiniya da Ɗan Maradi su duba tare, domin duk gardamarku a kan sauri ce. Na'urar ba ta san kemistri ba. Jadawalin ƙarfin da muka ba ta take bi, AMBER ko CHARMM ko wani, inda kowane atom ƙwallo ne mai caji tsayayye, ɗauri kuma kamar sifirin. In jadawalin ya karkace, na'ura mai sauri za ta kai ka ga amsar da ba daidai ba da wuri. A ganina babbar hidimar da Anton ta yi wa fannin nan ita ce tona wannan. Da tafiya ta yi tsawo sai aka ga furotin da ya kamata su zauna a warware suna dunƙulewa fiye da yadda gwajin ɗakin bincike ya nuna. Gajerun tafiye-tafiye sun ɓoye wannan aibin shekaru. Daga nan mutanen Shaw suka fito da sabon samfurin ruwa TIP4P-D a 2015, sannan jadawalin a99SB-disp a 2018. Mu masu katin gem muna cin moriyar wannan gyaran ba tare da mun taɓa ganin Anton ba.

Injiniya:
Wannan ita ce hujjar da ya kamata in kawo tun ɗazu, Dakta. Dole wani ya yi nisa don a san inda jadawalin ke karyewa. Kuma hanyar ba ta rufe ba. A 2024 kamfanin Cerebras, mai yin cif guda da faifan silikon sukutum, tare da ɗakunan binciken Sandia da Livermore da Los Alamos, suka ba kowane atom ƙaramin injinsa a kan faifan, suka yi taku a sakan fiye da abin da babbar kwamfutar Frontier ke yi sau sama da ɗari.

Ɗan Maradi:
Ƙarfe suka kwaikwaya, irin su tantalum da tagulla, inda atom ke jin maƙwabtansa na kusa kawai. Furotin a ruwa yana da caji, caji kuma yana jin na nesa, dole kowane yanki ya ji labarin dukan akwatin a kai a kai. Wannan shi ne ɓangare mai wuya, shi ne PME ke yi tun 1993, shi ne kuma ke cinye saurin duk na'urar da aka raba wa aiki. Ran da suka yi haka da furotin mai ruwa da gishiri, ni zan fara kawo labarin zauren nan.

Dakta (kemistri):
Kafin a tashi, ɗiyata, abu biyu game da maganin kansa, domin nan ɗalibai ke faɗuwa ba a wajen kati ba. Jadawalin furotin bai san pirimetamin ba, sai kin samar masa nasa ma'aunai, da GAFF in AMBER kike bi, ko CGenFF in CHARMM ne, kada ki gauraya gida biyu. Na biyu, a cikin aljihun maganin yana ɗauke da ƙarin proton a kan naitirojin na zobensa, da shi yake riƙe aspatet na lamba 54. In kika saka shi ba caji, zai yi ta zamewa a na asali da mai sauyi duka. Kada kuma ki manta da NADPH, sinadarin da DHFR ke aiki da shi, a wurinsa, domin gefen lamba 108 yana kusa da shi. Ki turo fayil ɗin maganin nan zauren mu duba cajin kafin ki kunna komai.